Bashin Rubu'in Ɗigo

Takardar ƙorafin layi uku ce kacal,
daga Eduviges Cárcamo, magatakardar ƙungiyar masunta,
can gindin tudu, bakin tashar Valparaíso:
"In na gungura jerin kifin da aka auna,
layi ɗaya yana yagewa biyu kamar tsohon zane.
In na kira wani ya gani, sai ya ɗinke kansa."

Kwana goma sha ɗaya ina gungurawa.
Sama, ƙasa. Ƙasa, sama.
Da sauri kamar wanda ya hango mai binsa bashi,
a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Na ɗura wa manhajar layi dubu hamsin na kifin ƙarya,
ta haɗiye, ko tari ba ta yi ba.
Na sauya kwamfuta, na sauya linzami,
na dasa 'yan leƙen asiri a kowane lungun rubutuna,
suka dawo da safe da shafi tamanin na "lafiya lau".

Baltazar ya ce, rufe fayil ɗin nan,
rubuta cewa ba mu gani ba.
Matar ta haura sittin, ƙila idonta ne.
Har na kai hannu zan rufe,
sai na tuna ruwa ba ya tsami banza.

Ranar Laraba na sauka matakala ɗari da wani abu,
na ja kujera bayanta.
Ofishin na ƙarnin kifi da ƙamshin kofin da ya huce.
Hantsi ya wuce, lafiya. Rana ta take, lafiya.
Ciwo ya ga likita ya ɓuya,
ita kuma sai haƙuri take ba ni
kamar uwar da ɗanta ya ƙi gaida baƙo.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci
rana ta karkato kan teku, ta faɗo ta taga,
ta wanke fuskar kwamfutar fari fat.
Ba ta ce uffan ba. Ta ja jerin nata
zuwa wani tsohon allo a inuwar kabad,
wanda jikanta ya ƙara wa girman rubutu tun bara.
Ta lashi yatsa,
sabon shekara talatin da littafin awo,
ta murza linzamin sannu: ƙas, ƙas, ƙas.

Ga shi nan!
Kilo arba'in na Nibaldo Vera,
kawunan baƙaƙen a sama, ƙafafunsu sun zame ƙasa.
Na ƙwala ihu har kyanwar ofis ta bi ta ƙofa.

Lissafin ba wuya, kunyar ce da nauyi.
Tsayin layi ɗigo goma sha bakwai ne.
A wancan allon sai an ƙara masa rubu'i,
ya zama ashirin da ɗaya da 'yar kwata.
Ni kuwa, wata Talata shekara uku baya,
na ce kwata ba kuɗi ba ce, na yar.
Layi huɗu, ɗigo guda. Layi arba'in, goma.
Bashi yana taruwa ba ƙara ba sallama.
Mai gudu, akan share masa allo a sake zanawa,
ya wuce bai san an yafe masa ba.
Mai tafiya sannu kaɗai ake tare wa hanya.

Gyaran kalma biyu ne.
Kwana goma sha biyu, kalma biyu.

Na hau tudu da dare, gwiwoyi na ƙara,
fitilun jirage na rawa a ruwa, ba wanda ya kai ƙararsu.
A fayil na rubuta: Baltazar bai yi ƙarya ba,
idonta ne.
Duk garin nan shi kaɗai ya gani.

Da safe saƙonta ya iso, layi biyu wannan karon:
"Ya daina, na gode.
Amma injin buga takarda, ranar Juma'a kawai..."