Fuskar Haya

Ƙarfe huɗu na asuba nake hura mata wuta,
da tsumman mai da guntayen katako,
sai na lallaɓi kwal kafin ya yarda ya kama.
Tsohuwa ba ta son gaggawa.
Tun kakana yana saurayi take hawan kwarin nan na Wales,
da can da duwatsun rufin ɗaki,
yanzu da baƙi masu laima da kyamara.

Amma yau ba ranarta ba ce.
Yau ranar akwatin nan ne da ya zo daga birni,
an naɗe shi kamar gawar mai kuɗi.
A ciki akwai fuska ta roba,
kumatu tuɓu-tuɓu, idanu dara-dara,
da murmushin da bai taɓa shaƙar hayaƙi ba.
Noti shida zan ɗaura,
in rufe mata goshi, in rufe lambarta ta tagulla
wadda mahaifina ya goge har yatsunsa suka ƙage.

Takardar kamfani shafi talatin ce.
Kada a kira ta da sunanta.
Kada toka ta taɓa kumatun.
Direba ya yi fara'a.
Gethin, da bai yi dariya ba tun rasuwar karensa,
ya karanta wurin sau biyu, ya tofar.
Sun turo wani saurayi mai farin takalmi
ya zo ya auna murmushin da tef,
ya ce ya karkace hagu da rabin inci.
Na gyara. Me zan ce?

Tegwen ce ke riƙe mana littafin kuɗi.
Ta ce, Meurig, bar ƙunƙuni.
Kwana biyun nan ne ke sayo kwal ɗin hunturu,
ko bayan masu lasisi sun yanki nasu,
kuma ba ƙaramin yanka suke yi ba.
Tukunyar jirgin na yoyo, kai ma ka sani.
Don tuwon gobe ake wanke tukunya.
Na ce, ai kayan aro ba ya rufe katara.
Ta ce, yana rufe bashi.

Ƙarfe goma tasha ta cika maƙil.
Yara a wuyan iyaye, da balan-balan, da majina,
suna kiran sunan da ba nata ba,
suna ɗaga wa roba hannu.
Na ja usur, suka yi ihu,
wai fuskar ce ta amsa musu.
Mil bakwai zuwa, mil bakwai dawowa,
sau biyar, cikin yayyafi,
tumaki ko ɗago kai ba su yi ba.

A zuwa na huɗu ne
wata yarinya ta zame daga layin hoto.
Jar rigar ruwa, haƙori biyu babu.
Ta wuce fuskar ko kallo,
ta tsaya gindin matakalata, ta ce,
mene ne ke numfashi a ciki?
Na dubi uwarta, uwar ta gyaɗa kai.
Na ɗauke ta, na buɗe ƙofar murhu.
Wutar ta haska mata fuska ja wur.
Ba ta yi ihu ba.
Ta ce, yunwa take ji?
Na ce, kullum.
Na ba ta kwal guda, ta jefa da hannu biyu.
Eirlys, in ji ta, sunanta,
ta tambayi na jirgin,
na waiga, babu mai farin takalmi,
na raɗa mata a kunne.

Da magariba na kwance noti shida.
Fuskar ta koma akwati tana murmushinta,
mako mai zuwa wani kwarin za ta je.
Na goge tagullar da hannun rigata.
Tsohuwa na hucewa, ƙas, ƙas, a duhu.
Can hanyar Cardiff akwai wata mota
da ake ta faɗa a cikinta
kan yarinyar da ta ƙi a wanke mata hannu.