Ƙofar da Ke Bayan Hannu

Ƙarfe biyun dare a Iloilo, ruwa na dukan kwano,
na bi gadaje ina ƙirga hannuwa.
Gado talatin da ɗaya, hannu ashirin da shida,
kowanne da 'yar robarsa liƙe da filasta,
wata shuɗiya, wata ruwan hoda,
kamar furen da aka raba wa mutane ba su roƙa ba.

Tsoho Eliodoro masunci ne daga Guimaras,
rana ta jeme fatarsa ta koma kirgi,
jijiyarsa kuwa tarwaɗa ce, da na taɓa sai ta sulluɓe.
Na ɗaure damtse, na bubbuga, na jira.
Ya ce, "Yarinya, kifi ba ya son mai gaggawa."
A karo na biyu jini ya leƙo,
ɗan ja, bai kai ƙwayar barkono ba.
Na zare ƙarfen, na bar taushin a ciki.
Ruwan leda ya kama hanya. Ɗis. Ɗis.

Yayata Perpetua tana Dublin, aikinmu ɗaya.
Ta ce can ma haka ne,
mai kuɗi da mai shara, ɗan gari da baƙo,
kusan duk wanda ya kwanta sai an buɗe masa wannan ƙofa
tun kafin a san sunan cutarsa.

To, abin da ya yi yawa ido kan daina ganinsa.
Gado na sha tara, Nenita mai sayar da mangwaro,
kwana huɗu ke nan da cire mata ruwa,
magani ma da baki take sha,
amma robar na nan, an manta da ita.
Wurin ya kumbura, ya ɗau zafi kamar gefen murhu.
Ba ta yi ƙorafi ba.
Ta zaci haka ake kwanciya asibiti.

Na ɓare filastar a hankali, tana cije leɓe,
na zare, na danna auduga, na rubuta lokaci.
Ta dinga juya hannun tana kallo
kamar kayan aro da aka maido bayan an fid da rai.

Da asuba aka turo sabon kwali, guda ɗari a ciki.
Kafin Laraba zai ƙare.
Eliodoro na barci, tafinsa a buɗe kan zanin gado,
yatsa biyu na motsi,
yana jan wani abu daga ruwa.