Tashar Kanya

In ka taso daga Gombe ka nufi Bajoga,
kada ka ɓata ido neman allon sunanmu.
Guguwa ta kayar da shi wata damina,
Manu mai shayi ya mai da shi teburin burodi.

A kan dutse kakanninmu suka fara kafa bukka.
Ramukan niƙansu na nan bisa fā,
goma sha ɗaya, na ƙirga da kaina ina kiwon awaki.
Ruwan sama ke kwana a ciki yanzu,
ƙadangaru ke sha.
Tsoro ne ya hau da su,
ƙishirwa ta sauko da su.

Tinja ya haƙa rijiyar farko.
Gaba ashirin, in ji zuriyarsa;
maƙwabta suka ce sha biyu ne, sauran ƙari.
Igiya ta ci bakin dutsenta har ta yi masa zane,
kowace tsaga da gidan da ke ja ta wurin.
Ta gidanmu ce ta uku daga gabas.

Sai dogo ya ratso ta bayan gari.
Shekarun auduga ke nan, sikeli ba ya hutawa,
akawu da fensir a kunne,
mata na tallan dakuwa ta tagar jirgi.
Yau tumfafiya ta tsiro tsakanin ƙarafa,
ofishin tasha ya zama rumbun wake,
ƙararrawarsa kuwa tana firamare,
ita ke korar yara gida da azahar.

Kasuwarmu Laraba ce.
Kafin la'asar ta watse,
a bar ƙashin rake da kudajen mahauta.

Kanyar da muka ci sunanta fa?
Goggo Dija kaɗai ta rage cikin waɗanda suka sha 'ya'yanta.
Ta ce tsawa ta raba ta biyu
daren da aka haifi Lamela ɗan maƙeri,
shi ma yau jikokinsa sun yi gemu.
Rabi ya tafi turame,
rabi ya dafa abincin suna.

Baƙo kan tsaya gindin tsamiyar bakin masallaci,
ya ɗaga kai ya ce, "Ashe wannan ce kanyar!"
Mu dubi juna,
mu shimfiɗa masa tabarma,
mu ce, "Zauna, inuwar ai ɗaya ce."