Kwaryar Lado

Tun asuba Lado ya ɗaure kwarya a bayan keke.
Ba zuma a ciki,
gawar ƙudan amyarsa ce, ta bushe kamar ƙaiƙayi.

Ƙaramar hukuma ta ce
ban da feshi taku ɗari biyu daga bakin tafki.
Barau mai shagon maganin ƙwari ya ce faufau,
wa ya ba ciyaman iko da gonar wani?
Ya ɗauko lauya tun daga Dutse.

A kotun Haɗeja aka yi ta jan magana kamar danƙo,
hurumin jiha ne, a'a, na tarayya ne.
Ba wanda ya ambaci tarwaɗar Gamsarka
da ta taso ciki sama ranar Laraba,
ko tarin Dije bayan ta wanke tumatir.

Ni ma manomi ne, na san tsutsa ba ta jin magiya.
Bara ta cinye mini wake tas,
shi ya sa bakina ya yi nauyi.

Alƙali ya ɗage zama sai bayan girbi.
Lado ya buɗe kwaryarsa a bakin ƙofa,
masinja ya ce ba a shiga da shara.