Fitila ta Bakwai

A Tartu, in Disamba ta kama,
ƙarfe uku da rabi rana ta gaji ta kwanta.
Sai in kunna wata ranar a kan allo,
ta haska ganuwar birnin da babu shi a taswira.
A can ni ce Ma'aji, mabuɗan taska a ƙuguna.
A nan ni ce Helgi,
mai liƙe littattafan da suka yage a laburare,
gam a farce, shayi ya huce a gefe.

Gasar hunturu ta zo, ta bakwai.
Mutum sittin da huɗu sun ɗaura sulke.
Takobin zinare na wanda ya ci ne,
wannan ba gardama, yabon gwani ya zama dole.
Rigimar tana kan sauran sittin da uku.

Urmas ya ce a zaman majalisa:
“Kowa ya ci zomo ya ci gudu.
In kin ba wanda ya faɗi tukwici,
me ya rage wa wanda ya tsaya?”
Na ce: “Kai da ka tsaya, a kan wa ka tsaya?
In sun ƙi zuwa, iska za ka sara.”

Muka sauka a kan fitila.
Ƙarama, ta rataya a ɗamara.
Ba ta ƙara ƙarfi, ba ta tare mashi,
ba a sayar da ita a kasuwar birni.
Haske kawai, mai cewa: wannan ya zo.
Da hannuna na rubuta dokar:
wanda bai taka fili ba, ba shi da rabo.

Kaupo nake tunani ina rubutawa.
Gasa shida, faɗuwa shida, duk a zagayen farko.
Motar share ƙanƙara yake tuƙawa,
yatsunsa kaurara, sukan danna maɓalli biyu tare,
jaruminsa ya ɗaga garkuwa bayan sara ya wuce.
In ya sha ƙasa sai ya rubuta: “Na gode da dukan.”

Daren gasa sama ta kwance bakin buhu.
Aka kira sunansa sau uku, suna ya yi toka-toka.
Liisi, yarinyar Võru, ta wuce ba ta zare komai ba,
ta ce nasarar ba gishiri.
Urmas ya ɗauki zinarensa kafin sha biyu.
Na raba fitila sittin da uku.
Ɗaya ta rage a taska tana kallona,
dokata kuma tana kallona.

Ban kashe allo ba.
Wajen huɗu na ji ƙarfe yana kankare titi,
hasken lemo ya zaga rufin ɗakina, ya wuce.

Biyar saura kwata wani jarumi ya shigo fili,
sulkensa na aro, babu tuta,
babu ɗan kallo ko ɗaya a kan benci.
Ya tsaya a tsakiya. Ya juya hagu, ya juya dama.
Ina neman abin da zan ce masa
sai ƙofar gabas ta buɗe.

Urmas ne. Ashe shi ma bai runtsa ba.
Bai yi sallama ba, ya zare sabon takobi.
Daƙiƙa goma sha ɗaya, na ƙirga,
Kaupo yana ƙasa, garkuwa ta tashi a makare.
Urmas ya rubuto mini: “Ya taka fili. Ba shi abinsa.”

Na rataya masa ita.
Ya daɗe bai ce komai ba,
ina jin yatsun ne ba su gama narkewa ba.
Can sai ga shi, harafi biyu sun hau juna:
“Na gode da dukan.
Titin Riia ya buɗe, Helgi. Kya iya zuwa aiki.”