Taku Dubu da Ɗari Uku

A asibitin Jahun suka maƙala mini ita a ƙugu,
'yar aba baƙa, ba ta kai ƙwallon goruba ba.
Sista Uwani ta ce, "Baba Nomau, sukari ya hau,
ƙwaya kaɗai ba za ta sauko da shi ba.
Taku dubu shida kullum. Wannan za ta ƙirga."

Na yi dariya.
Shekara talatin ƙafata na taka keken ɗinki,
da hanya ce, da na je Makka na dawo.
Da magariba na duba fuskarta:
ɗari huɗu da tara.
Ashe tafiyar da ba ta bar gindin cediya ba
zama ce.

Na daina aiken jika sayen zare.
Rijiya, ɗari bakwai.
Injin niƙa, ɗari tara da 'yan kai.
Gonar riɗi, dubu biyu in an bi ta burtali.
Aka fara cewa tela ya zautu,
yana yawo yana leƙen ƙugunsa.

Wata Laraba, la'asar sakaliya,
saura dubu da ɗari uku lissafi ya cika,
ga hadari ya haɗo a gabas.
Duk hanyoyin garin na taka su
ban da ɗaya,
wadda ta bi bayan makarantar boko
ta tsaya a zauren Tanimu, ƙanena.
Rabona da muryarsa damina bakwai,
tun rabon fadamar babanmu.

Na ce in taɓa bango kawai in juyo.

Yana kan tabarma, ƙafa naɗe da tsumma,
yatsu biyu babu.
Ciwon nan ne.
Ba wanda ya gaya mini,
ko kuwa an faɗa, kunnena ne ya ƙi.

Bai ce uffan ba, ya matsa ya bar mini gefe.
Aka kawo shayi,
muka ce "ban da sukari" baki ɗaya,
sai ruwa ya kece.

Na duba 'yar abar. Cif.
Wurin da na ɗauka ya fi Agadas nisa.

Na ɗinka masa takalmin yadi mai laushi.
Jiya ya dafa kafaɗata ya raka ni bakin hanya.
Taku goma sha ɗaya.
Wannan da baki na ƙirga.