Gorar Nomau

Nomau na da wata gora, gaba biyu da rabi.
Duk kaka yakan soka ta tsakiyar tabki,
ya yi mata tsaga da wuƙa inda ruwa ya tsaya.
Tsagar shekarar da aka haife ni ta ɗara kansa.
Ta bara a gwiwa take.

Ruwa bai guje mu ba, in ji shi,
ƙasa ce ta bi shi har ɗaki.
Kowace damina kori na kwaso mana fako,
tudu na gangarowa ƙwarya-ƙwarya
yana kwana inda tarwaɗa ke kwana.

Ni ce mai biro a ƙungiyar masunta,
don na kai aji shida kafin lakwal ta gaji da ni.
Da rediyo ta ce gwamnati ta buɗe asusu
na gyaran ƙasa da makwancin kifi,
ni aka ɗora bayan motar albasa zuwa Tawa,
hatimi ƙulle a bakin zane.

Takarda ta tambaye ni eka nawa.
Ta tambaye ni masu amfana, maza daban, mata daban.
Ba ta bar wa ƙarfasa layi ba,
ba ta san Tsahara mai suya ba,
wadda kaskonta ya zama wurin shan kaji.
Na rubuta ɗari uku da sha ɗaya.
Na ƙirga har da na cikin ciki.

Sau uku dosiye na dawowa.
Farko babu sa hannun meri,
sannan lissafin ya zarce da jika huɗu,
na ukun ban san laifinsa ba har yau.
Mun roƙi miliyan sha biyu, aka ce bakwai,
su ma biyu za a raba su, kamar goron mai rowa.

Ran da injiniya ta zo, ta ba tabki baya,
ta nuna tudu da lema.
Arzika ya tofar da yawu:
mu da aka yaye da koma a hannu,
yau dutse za mu kama?
Ba wanda ya tanka.
Sai Nomau ya jingine gorarsa,
ya ɗauki wani dutse kamar kan rago,
ya hau.

Wata uku muna jera duwatsu bisa ƙirjin fako.
Mun haƙa rabin wata har na daina ƙirga,
mun ɗura kejin waya a maƙogwaron kori,
mun dasa bagaruwa, awaki suka karɓi zakkarsu.
Jika da rabi a wuni.
Duk maraice ina dangwala musu yatsa a tawada,
yatsun da dutse ya goge wa zane,
har takarda ta kasa bambanta Arzika da Mantau.

'Ya'yan kifi sun iso cikin tano,
kowane bai kai ganyen tsamiya ba.
Na tano guda sun juya ciki tun a hanya.
Sauran muka sake su da asuba,
muka rataye komaye a rumfa, da rantsuwa,
sai bayan sallar layya.
Wani ya karya cikin dare. Mun san shi. Yana da 'ya'ya tara.

Bana ruwan kori ya sauko da ladabi,
launin shayi, ba kunun kanwa ba.

Da kaka ta yi, ƙafar Nomau ta ƙi kwalekwale.
Ya miƙo mini gora da wuƙa.
Na soka, na jira ta zauna, na zaro.
Yatsa huɗu sama da tsagar bara.
Ya shafa wurin da babban yatsa, ya daɗe,
ya ce in zurfafa tsagar, hannuna na mata ne.
Na ce hannun nan ya ɗauki dutse fiye da nasa.

Rabin kuɗin har yau yana Yamai.
Sun aiko takardar rahoto, shafi tara,
da wani fili mai faɗi na sakamako.
Na rubuta: yatsa huɗu.
Daga bayan danga kuma
ina jin Tsahara na kankare kasko da yashi.